Ranar da Aka Yi Zaɓe a Kan Askata

Ku yaran nan kuna ganin aski wasa ne. A jona kilifa a wuta, a ɗora a kai, gashi ya zube, halas. Shi ya sa jiya da na ji Faisal, jikana, yana cewa a ware kujera ɗaya da kilifa ɗaya can lungun shago saboda leburori masu zuwa da ƙurar siminti, a bar na gaba ga 'yan ƙasa, ban yi masa faɗa a gaban mutane ba. Da aka watse na tambaye shi da Hausa, ya amsa mini da Larabci kamar yadda kuka saba: "Ya jaddi, kakana, ba ni ba ne, masu zuwa askin ne ke so." To ku jawo kujera ku zauna. Wannan maganar na taɓa jin ta daga bakin Bature, kuma sai da ta ci mini shekara guda cur.

Kan farko da na aske ba kan mutum ba ne, kankana ce. Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, shi ne wanzamin unguwarmu, kuma shi ya koya mini. Sai ya shafe kankana da kumfar sabulu ya miƙo mini aska ya ce in kwashe kumfar ba tare da na karci ɓawon ba. Idan na karta, sai ya yanka ta ya raba wa maƙwabta ina kallo. A wannan bazarar duk layinmu sun sha kankana sun ƙoshi, ban da ni. Sai da hannuna ya daina rawa sannan ya bar ni na taɓa ƙeyar mutum, ita ma ƙeyar ƙanina ce.

Zabirarsa ta fata ce, wadda kakanmu ya ratayo tun daga ƙasar Katsina, ta bi ta Sudan a ƙafa kafin ta ga Madina. A cikinta akwai aska da dutsen washi da almakashi da ƙaho da guntun alif na tsayar da jini. Daga baya ya ƙara kilifa ta hannu, wadda ake matsawa da yatsu har jijiyar hannu ta sage. A gefensa kullum akwai risho da tukunyar ruwa tana tafasa. Duk ƙarfen da ya taɓa kan mutum sai ya shiga tukunyar nan kafin ya taɓa wani kan, ko da kan ɗan'uwansa ne ciki ɗaya. Wata rana wani babban attajirin kasuwar dabino ya zo da sauri, ya tarar da Kawu ya aske rabin kan wani mai ga-ruwa. Ya ce a tayar da shi, zai biya kuɗin mutum biyu. Kawu ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Ya shehu, wanda ya riga zuwa shi ke zama. Kan da aka fara kuma sai an gama shi." Attajirin ya tsaya yana huci, ya jira, kuma ya ci gaba da zuwa har Kawu ya rasu. Ni na gaji zabirar.

Aikin maɗar, wato filin jirgin sama, ya zo mini ne a ƙarshen shekarun saba'in. Wani kamfanin 'yan Ingila ya kawo ma'aikata masu kula da fitilun titin jirgi da na'urorin magana da matuƙa. Masaukinsu yana kusa da filin, a wajen iyakar Harami, kuma tunda ba Musulmi ba ne ba su da damar shigowa cikin gari. Sai dai mai aski ya je musu. Ustaz Fuwad, mudir, wato manajan masaukin, ya ba ni ɗaki a gefen ɗakin cin abinci, da madubi da fanka. Don murna na sallama wa wani inuwata ta kasuwa, inda nake aski, na ce na yi gaba.

Bature na farko da ya zauna a kujerata Mista Artur ne, wani tsoho mai gyaran lantarki. Tsakiyar kansa fayau, sai ya tara gashin gefe ɗaya ya yi tsawo yana kwantar da shi a kan sanƙon. Ni da ban sani ba na ɗaga almakashi zan daidaita, sai ya riƙe mini hannu yana ihu kamar zan yanke masa kunne. A ranar na koyi cewa gashin Bature santsi gare shi, ba ya tsaya wa aska, sai an jiƙa an kama shi tsakanin yatsu. Na kuma koyi cewa kafin ka yanke wa mutum wani abu a kansa, ka tambaye shi abin da yake ɓoyewa da shi. Ga saje a wancan zamanin, kowa ya sako shi har muƙamuƙi, kuma kowa na son nasa ya fi na abokinsa.

Wata safiya wani baƙin mutum dogo ya shigo da rigar kamfanin. Na ce masa, "Sannu da zuwa." Ya yi murmushi ya ce, "Sannu." Na ci gaba da Hausa, sai ya yi zuru. Na juya Larabci, nan ma kaɗan yake kamawa. Ashe sunansa Dauda, injiniya ne, ɗan Ingila haihuwar can. Mahaifinsa Bahaushe ne mutumin Lakwaja da ya yi aikin jirgin ruwa, ya auri Baturiya a wani garin bakin teku ya zauna har ya mutu. Abin da ya bar wa ɗansa na Hausa bai wuce "sannu" da "na gode" da "bari mana" ba, sai kuma salla. Da na sa mataji a kansa na ji tausayinsa. Masu askin garinsu ba su san irin gashinmu ba, sun yi ta yi masa kwari da tudu tun yana yaro. Na yi masa saisaye a hankali, na fitar masa da goshi da aska. Ya daɗe yana kallon madubi, sannan ya ce, "Usta Hamisu, na gode." Usta shi ne abin da mutanen Hijaz ke kiran mai sana'ar hannu, kuma duk masaukin haka suke kirana.

Da guntun Turancina da guntun Larabcinsa muka zama abokai. Ranar Juma'a shi kaɗai ne a cikinsu ke wuce allon iyaka, mu tafi masallacin Annabi tare, mu dawo gidana mu ci tuwo. Wata rana a hanya ya ce mini a Ingila duk inda ya je sai an tambaye shi daga ina yake. In ya faɗi garinsu, sai a ce a'a, asalinka muke nufi. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce masa ni nan aka haife ni, nan aka haifi ubana, takardar ɗan ƙasa tana aljihuna, amma in na shiga ofis sai wani yaro da bai kai ɗana ba ya dube ni ya ce, "Ya Takaruni, daga ina asalinka?" Takaruni shi ne abin da suke kiran baƙaƙen da asalinsu Afirka ta Yamma ce. Dauda ya ce ashe ba Hausa kaɗai ya gada daga wajenmu ba.

A shekarar ne aka yi zaɓe a ƙasarsu, rediyon ɗakin cin abinci ba ta hutawa. Mu nan ba mu san jam'iyya ba, sai abin da muke ji a bakin 'yan Najeriya masu aikin kaya a maɗar. Dauda ne ya bayyana mini yana zaune a kujera, kumfa a haɓarsa. Ya ce a majalisarsu benci biyu ne suna fuskantar juna. Waɗanda suka ci zaɓe suna gefe ɗaya suna mulki. Waɗanda suka faɗi suna ɗaya gefen, su ne 'yan adawa, aikinsu su tashi kullum su ce wa gwamnati a'a, nan kin yi kuskure. Har albashi ake ba shugabansu.

Na tsayar da aska na ce, "A biya mutum don ya ce a'a? Wallahi da a nan ne da surukata ta yi arziki."

Ya yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Ya ce, "Usta, ce wa gwamnati a'a ba wuya. Abin da ke damuna, in 'yan siyasa suka shinshino cewa masu jefa ƙuri'a sun gaji da ganin irina a titi, ba mai tashi ya ce wa masu ƙuri'ar a'a. Na wancan benci da na wannan benci, kowa sai ya fara lallashinsu. Wa zai yi adawa da mutanen da yake roƙon ƙuri'arsu?"

Shugaban ma'aikatan shi ne Mista Rodni. Kada ku zata wani dodo ne. Mutum ne mai fara'a, yana nuna mini hoton 'ya'yansa mata, kuma lokacin da babarku Hajara ta yi ciwon ido tana ƙarama shi ya kawo mini magani daga likitan kamfani. Amma in rediyo ta fara maganar baƙi, sai wuyansa ya yi ja. Yakan ce masana'antar garinsu ta rufe, layin da ya tashi a cikinsa ya canza har ba ya gane shi, Ingila ta 'yan Ingila ce. In ya gama sai ya ce, "Ba da kai nake ba, Usta. Kai ai kana ƙasarka." Ni kuwa aska na wuyansa, sai in ce masa ya daina motsi.

Bayan an faɗi sakamakon zaɓe da 'yan kwanaki abin ya faru. Na aske wa Dauda gefe ɗaya ke nan Rodni ya shigo, ya ce yana da taro da manya, a tayar da Dauda a yi masa tukuna. Na ce masa kan da aka fara sai an gama. Ya tsaya yana kallon kilifar da ke hannuna da baƙin gashin da ke kan tawul. Sai ya ce, "Da wannan za ka taɓa ni?" Na nuna masa tukunya tana tafasa a kan risho. Na ce wata nawa ina aske shi da wannan ƙarfen, ko ƙurji bai taɓa fito masa ba. Ya ce ba ruwansa, daga yau a sami akwati biyu, ɗaya na 'yan Ingila, ɗaya na saura. Dauda yana zaune da rabin kai ya ce, "To ni wanne akwatin ne nawa?" Rodni ya ce, "Kai ma ka sani." Ya fita. Na tuna kankana, na gama kan nan tsaf.

Ustaz Fuwad mutum ne da ba ya son hayaniya. Da ƙarar ta kai gabansa ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ya jama'a, ku ba mutanen zaɓe ba ne? Ku yi zaɓe mana, ku hutar da ni." Shi da wasa ya faɗa, su kuwa suka ɗauka da gaske. Ranar Alhamis bayan abincin rana, lokacin da suke taronsu na mako, aka kira ni ɗakin cin abinci na tsaya a bakin ƙofa da zabirata a kafaɗa. Rodni ya ce wannan magana ce ta tsafta kawai, kuma ƙuri'a ta 'yan Ingila ce, direbobi 'yan Sudan da masu dafa abinci 'yan Pakistan ba su ciki. Ya kalli Dauda ya ce zai fi kyau shi ma ya zauna gefe, tunda maganar ta shafe shi. Dauda ya ce fasfonsu launi ɗaya ne, ba inda za shi.

Aka ce masu son akwati biyu su ɗaga hannu. Abin da ya fi yi mini ciwo ba hannun Rodni ba ne. Hannayen sauran ne, mutanen da na san inda kowannensu ke da tabo a ƙeya, waɗanda ke ba ni labarin matansu. Ba wanda ya dube ni. Wasu sai da suka waiga suka ga na kusa da su ya ɗaga sannan suka ɗaga nasu rabi-rabi. Da aka ce masu cewa a'a, hannu biyu ne suka tashi, na Dauda da na tsoho Artur mai sanƙo. Artur ya ce shi ya yi yaƙi tare da baƙaƙen sojoji, da reza ɗaya suka yi ta gyaran fuska, bai mutu ba. Aka yi masa dariya aka ce ya zauna.

Ustaz Fuwad ya ja ni gefe ya ce, "Ya usta, mafi mushkila, ba matsala. Kamfani zai saya maka sabbin kaya kyauta. Ka sa jan zare a akwati ɗaya, shi ke nan. Mene ne a ciki?"

Na ce, "Ya ustaz, in na sa jan zare, kaina ma a wane akwatin zan riƙa aske shi?"

Ya ce in yi tunanin iyalina. Na ce na yi. Na kashe risho, na zubar da ruwan tukunya, na ba shi mabuɗin ɗakin. Kafin mako ya zagayo sun kawo wani mai askin da akwati biyu.

Wannan ce muguwar shekarata. Inuwata ta kasuwa tana hannun wani, kuma ba zan je in ce ya tashi ba. Na riƙa yawo gida-gida, kwana biyu ba kai ko ɗaya. Da lokacin yankan dabino ya zo na hau mota zuwa Badar, ina bin gonaki ina yi wa manoma aski a gindin dabino, wani ya ba ni riyal, wani ya cika mini buhu da dabino. Zafin Badar ba irin na Madina ba ne, sabulu na bushewa a kan mutum kafin aska ta iso, sai ka riƙa jiƙa tafin hannu kana shafawa kana bi. Wani tsoho ya sa na yi masa ƙaho a bayansa ya biya ni da akuya mai tari, na kawo ta gida a bayan motar kaya tana cin gefen zabirata. A gida mun ci dabino da safe, mun ci da rana, har kakarku ta ce in na sake shigo mata da buhu ɗaya za ta koma gidansu. Akwai ranakun da na ce a raina jan zare ne fa kawai. Amma ban koma ba.

Ina dawowa daga Badar Dauda ya zo gidana, gashinsa ya taru ya yi tsiri. Ya ce tun ranar nan bai zauna a kujerar sabon mai askin ba, Artur ma haka, gashin gefensa har ya sauko masa kafaɗa. Ya ce kuma duk ranar Alhamis, in an gama maganar aiki aka ce akwai mai magana, sai Artur ya ɗaga hannu ya ce, "Yaushe Usta zai dawo?" A yi tsaki, a ce an riga an yi zaɓe. Shi kuwa ya ce an yi, kuma sun faɗi, shi ya sa yake tambaya. Mako mai zuwa ya sake. Dauda ya ce, "Ka ga benci na biyun da nake ba ka labari? Mu ne, mu biyu."

Tunda Artur ba zai iya shigowa gari ba, sai na fita na same shi. Akwai wata bishiyar ƙaya a gefen hanyar maɗar, bayan allon iyaka kaɗan. Nan na riƙa kai kujera da risho da tukunya duk yammacin Alhamis. Na rage wa Artur gashin kafaɗa, na bar masa wanda yake rufe sanƙo da shi, ban taɓa ko sili ba. Direbobin Sudan suka fara tsayawa, sai masu dafa abinci. Can wata rana wani saurayi mai suna Kolin ya sauko daga motar kamfani yana waige-waige. Na gane shi, yana cikin masu ɗaga hannu rabi-rabi. Ya matso ya ce a hankali ko zan yi masa da sauri, yana da aiki. Na nuna masa dutsen da ake zama a kai. Dauda na kujera, wani direba Usman na jira. Na ce, "Bayan Usman." Ya dubi tukunya, ya dubi kilifa, ya je ya zauna kusa da Usman. Bayansa wasu sun biyo, ba duka ba. Rodni bai taɓa zuwa ba, ɗakin nan kuma ba a taɓa mayar mini da shi ba. Amma daga gindin bishiyar nan na tara abin da na kama wannan shagon na unguwar Aziziyya da kuke tsaye a ciki.

Da kwangilar Dauda ta ƙare ya zo askin ban kwana. Ina gyara masa ƙeya na ce, "Ya akhi, ka zauna mana. Ga Madina, ga masallaci, ga mu. In nemo maka mata a danginmu. Me za ka koma ka yi a inda ake tambayarka asalinka?"

Ya ce, "Kai da ake tambayarka, ka koma Katsina?"

Na ce ina ni ina Katsina, ko hanyarta ban sani ba, nan ne garinmu.

Ya ce, "To ni ma can ne garinmu. Kabarin babana na can, uwata na can. In duk irina muka tafi, Rodni ya yi gaskiya ke nan. Zan koma in yi ta ɗaga hannu."

Na shafa masa alif, na kakkaɓe tawul. Ya rungume ni ya ce "na gode" da Hausar babansa. Ban sake ganinsa ba.

Yanzu baladiyya, hukumar gari, ta ce kowane kai da sabuwar reza, kuma kuna da na'urar da ke kashe ƙwayar cuta ba sai kun kunna risho ba. Madalla, wannan tsafta ce, ku riƙe ta. Leburan da ya zo da siminti a kai, ga famfo can, a wanke masa, a tsane da tawul mai kyau. Amma kujerar lungu ba tsafta ba ce, Faisal, jan zare ne. Ka ce masu zuwa ne ke so. Na sani, na taɓa ganin hannayensu a sama. Gobe da safe zan zo in zauna a bakin ƙofa da zabirar Kawu Sale a cinyata. Duk wanda ya ce ba zai zauna inda lebura ya tashi ba, kada ka yi musu da shi, turo mini shi. Ni zan nuna masa wanda yake bi a layi.